Godiya ga 'yan sa-kai na Hilal Ahmar (ƙungiyar agaji ta Red Crescent), reshen jihar Khartum

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na rubuto muku don godiya kan taimakon da kuka yi mana wajen gano ƙanina da ya ɓata a yaƙin Sudan, a madadin Inna, da matar ƙanina, da 'ya'yansa biyu. Na ga ya fi kyau in yi godiyar a bainar jama'a, domin akwai gidajen Hausawa da yawa a nan Maiurno, da Gadarif, da Damazin, waɗanda har yau suke zaune cikin halin da muka fito, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Ƙanina soja ne a rundunar sadarwa, Silahul Ishara, da ke Bahri, wato Khartum ta Arewa. Yaƙi ya ɓarke ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, azumi na da kwana 24. Ranar jajiberin salla ya kira Inna yana dariya, ya ce a ajiye masa rabonsa na ka'ak, biskit ɗin salla. Ya sake kira sau uku ko huɗu, daga nan waya ta mutu.

Wanda ya binne nasa ya huta a kan wanda nasa ya ɓata. Ba mu kafa rumfar makoki ba, don ba a ce ya rasu ba. Matarsa tana nan, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Duk sallamar da aka yi da dare sai Inna ta miƙe zaune. Sau biyu wasu marasa tsoron Allah suka bugo suka ce yana tsare a hannunsu, a tura kuɗi a sake shi. Na farkon mun sayar da awaki mun tura. Allah ya isa.

Da aka karya ƙawanyar da aka yi wa barikinsu a Janairun 2025, wani abokin aikinsa ya ce mana ya fita aiki wani dare tun farkon yaƙi, bai dawo ba. Bayan sojoji sun karɓe Khartum a watan Maris na kama hanya. Wani ofis ya ce in dawo gobe, goben ta kai bakwai. Wani ya karɓi takardata ya ɗora a kan tulin takardu ba tare da ya dube ni ba.

A wurinku ne aka fara ce mini in zauna. Wata yarinya mai jar riga, da ba za ta wuce sa'ar 'yata ba, ta miƙo mini ruwa, ta ce, "Baffa, kada ka yi sauri, faɗa mini shi kamar ina ganinsa." Ta tambayi tsawonsa, da haƙoransa, da ko ya taɓa karaya. Sai na tuna ya faɗo daga karo, wato keken jaki, yana ɗan shekara tara, hannun hagu ya karye, mai ɗori ya ɗora shi da 'yar karkata. Ta rubuta. Ta tambayi abin da ba ya rabuwa da shi, na ce laya ce da Inna ta sa aka ɗinke masa da jar fata ranar da ya shiga soja. Shi ma ta rubuta. A raina na ce wannan ma wata takarda ce da za ta bi 'yan'uwanta. Na yi mata mummunan zato, ina neman afuwarta.

Wata biyar bayan nan kuka kira ni. Lokacin an fara tono gawarwakin da yaƙi ya tilasta aka binne a filaye da makarantu da ƙofar gidaje, ana mayar da su maƙabartu, ku da likitocin hukumar binciken gawa ta jihar. A harabar wata makarantar firamare a Bahri, mutanen unguwa sun binne wasu mutane, kuma wani dattijo ya riƙa rubuta kamannin kowa a littafin lissafin shagonsa. Ku kuka zauna kuka gwada littafinsa da takardarku.

Abin da na gani ran nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Rana tana dukan ƙwaƙwalwa, samarinku suna cikin fararen riguna na leda da safar hannu, gumi na zuba, amma kafin a sa shebur sai da suka kewaye wurin da tamfol don suturta mamaci. Da aka kusa, suka ajiye shebur suka koma tono da hannu. Ba wanda ya ɗaga murya. Likita ya duba ƙashin hannun hagu ya ɗago kai ya dube ni. Sannan wani yaro ya kakkaɓe ƙasa daga wani ɗan abu, ya sa a leda mai lamba, ya miƙo mini da hannu biyu. Fatar ta yi baƙi, amma ɗinkin yana nan. Sisi ba ku karɓa ba. Ko kuɗin shayi da na matsa wa direbanku, mayar mini ya yi.

Wasu dattawa sun so a bar shi a Bahri, wai ba a tayar da wanda ya kwanta. Limaminmu ya tuna musu cewa Jabir ɗan Abdullahi ya tono mahaifinsa, shahidin Uhudu, bayan wata shida ya sake masa kabari. Ya kuma ce tunda mutanen unguwa sun yi masa salla, addu'a kawai za mu yi.

Muka biyo ta Madani da Sinnar, muka iso bayan la'asar. Aka ɗora shi a angarib, gadon igiya, jama'a suka bi har maƙabarta, aka kwantar da shi kusa da mahaifinmu. Ranar ce Inna ta fara yin barci har asuba.

Allah ya saka muku da alheri, ku da likitocin, da dattijon nan mai littafi. Allah ya ji ƙan abokan aikinku da suka rasa rayukansu a wannan yaƙi. Maƙwabtanmu biyu za su zo muku mako mai zuwa da hotunan 'ya'yansu, na ce musu su nemi teburin yarinyar nan mai jar riga.

Wassalam.

Yayan marigayi,
Maiurno, jihar Sinnar.