Wasiƙa daga Garwa: abin da gasar kofin Afirka ta bar mana

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kai da iyali kuna lafiya, kuma kasuwa tana albarka. Saƙonka ya iso. Ka ce kun yi ta gardama a majalisarku a kan ko riba ce ƙasa ta karɓi baƙuncin babbar gasa, har aka ce a tambayi mutumin Garwa tunda shi ya gani da idonsa. To, ga abin da na gani.

Tun 2014 aka ba ƙasarmu Kamaru gasar kofin Afirka ta 2019. Ana cikin shiri sai hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ƙara yawan ƙasashe daga 16 zuwa 24, aiki ya yi wa gwamnati yawa, a ƙarshen 2018 aka ƙwace gasar, a farkon 2019 aka ba Masar. Sai a Janairun 2022 muka samu tamu. Duk tsawon shekarun nan kuɗi fita kawai yake yi. Filin Olembe na Yawunde, mai ɗaukar mutum 60,000, an fara shi a kan kusan biliyan 163 na sefa, mafi yawa bashi ne daga waje. Kamfanin Italiya ya soma, aka karɓe kwangilar aka ba wani na Kanada, kuma har aka buga wasan ƙarshe ba a gama otal da wurin ninƙaya da sauran gine-ginen da aka yi alkawari a kewayensa ba. Filin Japoma na Duwala shi ma da bashi aka gina, ga shi ana tsakiyar gasa ciyawarsa ta lalace, 'yan wasa suna ta ƙorafi. Bashin nan kuwa mai noman auduga a ƙauyen da ko rijiyar burtsatse babu, shi ma yana cikin masu biya, alhali ƙila har ya mutu ba zai taka Olembe ba.

Akwai hasarar da ta fi ta kuɗi. Ranar 24 ga Janairu, lokacin wasanmu da Komoros, turmutsutsu a ƙofar Olembe ya kashe mutum takwas, har da yaro. Mutane sun fito kallon ƙwallo aka mayar da su gida a makara. Allah ya jiƙansu. Duk wanda zai yi lissafin gasar nan ya tsallake wannan rana, lissafinsa bai cika ba.

Amma ba zan ɓoye maka ba, Garwa ta amfana, kuma ina ganin na san dalili. Ba a gina mana sabon katafaren fili a bayan gari ba. Tsohon filinmu na Roumdé Adjia, wanda yake nan tun 1978 a cikin unguwa, shi aka gyara, aka ƙara filayen atisaye, aka yi wa wasu tituna kwalta da fitilu. Kuma filin yana da mai shi. Coton Sport a nan take wasa, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, ƙungiyar da ta raini Vincent Aboubakar, ɗan garin nan da ya ci ƙwallo takwas a gasar, ya fi kowa. Filin da ƙungiya ke shiga kowane mako dole a shayar da ciyawarsa, dole a gyara famfo idan ya fashe, don akwai masu tsayawa su yi magana. Wanda ba shi da ƙungiya kuwa, baƙi na tafiya sai a rufe ƙofa, damina biyu ta ishe shi.

Ku ma ai kun san haka. Kwatanta filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, wanda ya karɓi wasannin kofin Afirka na 2000 kuma Kano Pillars ke cika shi, da babban filin Abuja da aka gina don wasannin Afirka na 2003. Na Abuja ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma ya yi shekaru ciyawarsa a mace, sai da Ɗangote ya sa kuɗinsa aka gyara.

Ciniki kam an yi, sai dai na 'yan makonni ne. Da yake a nan Najeriya ta buga wasanninta, mutanenku na Yola da Mubi suka yi ta kwararowa. Masu kilishi, masu babura, masu ba da hayar ɗaki, kowa ya samu. Ranar da Iheanacho ya ci Masar, sai ka rantse a Kano kake, Hausa da Fulatanci kawai ke tashi a fili, mu da ku duk baki ɗaya. Da Tunisiya ta fitar da ku ranar 23 ga wata, garin nan ya yi tsit kamar mu aka cire. Wannan zumunci ba ya shiga littafin akanta, amma ni ina ƙirga shi cikin riba. Waɗanda suka ji jiki su ne masu cin bashi su gina masauki suna zaton baƙi za su ci gaba da zuwa. Kuma wuta tana nan tana ɗaukewa a zafin Afrilu yadda ta saba.

Don haka ka faɗa wa 'yan majalisa, idan aka ce Najeriya za ta nemi wata gasa, kada su tsaya a kan nawa za a kashe wajen gini. Su tambaya wace ƙungiya za ta zauna a filin bayan an tashi, kuma daga wane asusu za a riƙa biyan masu kula da shi. Idan ba a amsa waɗannan ba, ni dai ba na goyon baya, duk da son ƙwallon da ka san ina yi.

Ka daure ka zo bayan sallah. Ta Yola hanya ba nisa, mu je ka ga filin da idonka ranar da Coton Sport ke wasa. Ka gaishe min da Hajiya da yara, da duk 'yan majalisa.

Naka,
amininka na Garwa