Wai allo da ƙoƙon bara kaɗai?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na daren Lahadi ya ɓata min rai. Baƙon nan naku ya fi minti ashirin yana nanata wai ɗalibi a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa ba abin da ya sani sai allo da ƙoƙon bara, in ya yi sauka shi ke nan an gama. Kuma mai gabatarwa ko uffan bai ce ba. Haba!

Ni a gidanmu gafakar kakan babana tana nan cikin adaka har yau. A cikinta Risala ce, littafin fiƙihu, rubutun hannu, ganye-ganye ba ɗinki, gefen kowane shafi cike da ƙananan rubutu inda yake ajiye fassarar malaminsa, wani wurin tawadar ta koɗe wani wurin gara ta taɓa. Kakanmu ya sha faɗa mana yadda mahaifin nasa ya taka da ƙafa zuwa Zariya neman nahawu bayan ya sauke, ya zauna a zauren malami shekaru, da damina su yi wa malam noma, da rani ya yi ɗinkin hula ya ci abinci, da dare a hura wutar kara a zagaye ta ana tilawa, Alhamis kuma hutu ne sai wanki a rafi da ziyarar abokai. Littattafan fiƙihu irin su Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har Askari, kowa da littafinsa kowa da inda ya tsaya, ka karanto malam ya fassara maka kalma kalma. Wannan ne bara?

To Abdullahin Gwandu da ya zauna ya rubuta littafi guda a kan malaman da ya yi karatu a wurinsu fa? Nana Asma'u da ta rasu 1864, wadda take naɗa wa jaji, wato malamar da ke jagorantar mata, malfa ta tura ta ƙauyuka ta karantar da mata 'yan taru, ita ma allo ne kawai? Sai 1909 fa Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawar Kano, ya tarar da mutane da karatunsu.

Don Allah ku nemo wanda ya taɓa zama a zaure ku sake shirin nan.

Sannan layin nan da kuke cewa a kira, sau bakwai na buga ranar ba wanda ya ɗaga, a ƙarshe ma kashe shi aka yi. Ku gyara.

Naku,
Mai sauraro daga Kano