Jarumtar Fela Daban, Maganarsa Kan Mata Daban

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi wani abu da ya tsaya min a rai.

Rannan da daddare a teburin mai shayin layinmu wani yaro ya kunna waƙar Fela Kuti mai suna Lady a wayarsa, yana ta kaɗa kai yana cewa ai wannan shi ne namijin duniya, mutumin da ya auri mata 27 rana ɗaya kuma bai tsoron soja. Sai da na ajiye kofina na ce masa kai ƙanena ka san me yake faɗa kuwa? Ya ce ai kiɗan ne ya yi masa. To waƙar dai ta 1972 ce, kuma a cikinta Fela yana yi wa macen Afirka ba'a ne saboda tana so ta yi kafaɗa da namiji, ta ci nama kafin kowa, shi kuwa gani yake mace ta gari ita ce mai bin umarnin miji.

Ni ban musa jarumtarsa ba wallahi. A watan Fabrairun 1977 sojoji kusan dubu suka afka wa gidansa na Kalakuta a Legas lokacin mulkin Obasanjo, suka ƙone gidan, suka yi masa dukan kawo wuƙa, matan da ke masa amshi da rawa su ma suka sha duka da cin zarafi. Mahaifiyarsa Funmilayo aka wurgo ta ta taga, ta rasu a 1978. Abin da ke ɗaure min kai kenan, matar nan fa ita ta jagoranci matan Abeokuta kan harajin da aka ɗora musu har Alake, wato sarkin garin, ya sauka daga karaga a 1949, ɗanta kuma ya zo yana cewa mace ta san matsayinta. Wasu suna cewa zolaya ce kawai irin ta mawaƙa, ni dai kunnena bai ji zolaya ba.

Auren 27 ɗin da yaron ke tinƙaho da shi a 1978 aka yi, bayan ya fito daga gidan yari a 1986 ya rabu da su. Ga kuma raina kwaroron roba da cutar ƙanjamau da ya riƙa yi, ƙarshe dai ita ta yi ajalinsa a Agustan 1997, yayansa Olikoye, likita kuma tsohon ministan lafiya, shi da bakinsa ya sanar wa duniya.

Yaron ya ce to Yaya sai mu daina jin sa kenan? Na ce a'a ka ji abinka, ni ma ina jin waƙarsa Zombie har yau, amma ranar da za ka yi aure kar ka tafi da Lady ɗakin 'yar mutane. Ya yi dariya ya ƙara wa wayar sauti.

Naku,
Wani mai karatunku daga Sabon Garin Zariya