Rahoton shekara ga 'yan ƙungiya: safar hannu, zobba da lafiyar masu nutsonmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayen ƙungiya, shugaba, da 'yan uwa masu nutso na Nima, Mamobi, Madina, Sabon Zango da Ashaiman a yankin Accra ta ƙasar Gana, ga bayanin abin da Allah Ya ba mu ikon yi a bana.

Taron wata-wata bai yanke ba sai a watan azumi, kamar yadda muka saba. An kai gaisuwar ta'aziyya gidajen da aka yi rashi, an je suna da ɗaurin aure, asusun taimakon juna kuma ya tallafa wa waɗanda ciwo ya kwantar. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi dalla-dalla a zauren taro. Abin da ya fi cin lokacinmu da kuɗinmu a bana shi ne maganar safar hannu mai hana ruwa shiga, da zobban da ke haɗa ta da rigar nutso, wato rigar da ke rufe jiki ta hana ruwa taɓa shi.

Da aka fara kawo maganar, wasu dattawa sun tambaya: mu da ruwanmu ke da ɗumi, ina ruwanmu da kayan mutanen ƙasashen ƙanƙara? Tambayar tana kan hanya. Tekunmu takan yi sanyi daga Yuli zuwa Satumba, amma ba sanyin da zai sandarar da yatsu ba. Damuwarmu ita ce irin ruwan da muke shiga. Mai duba farfelar jirgi a tashar jiragen ruwa ta Tema yana iyo cikin mai da dizal. Wanda aka kira aiki a bakin tafkin Korle, inda kogin Odaw ke zubar da ƙazantar gari, ya san abin da ke taɓa fatarsa. A tafkin Volta kuwa, wanda madatsar Akosombo ta haifar a 1965, da ma na Weija, akwai tsargiya, kuma ƙwayarta ta fata take shiga jiki. Hannu ne ke fara yankewa a wurin aiki, don haka shi ya fi bukatar kariya.

Kwamitin kayan aiki ya duba iri biyu. Akwai na kamfanin Si Tech na ƙasar Suwidin, irin su Antares, wanda zobensa na filastik ne mai siffar ƙwai, yana bin tsarin wuyan hannu ba ya cika girma. Akwai kuma Kubi, zoben alminiyom mai faɗin milimita 70, 80, 90 ko 100, wanda ake tura zobe ɗaya cikin ɗaya, siririyar robar da makanikai ke kira orin ta toshe tsakaninsu. Duka biyun suna aiki. An yi muhawara sosai, daga ƙarshe aka tsaya a kan na alminiyom, kuma aka ce kowa ya bi iri ɗaya. A ganina wannan ne hukunci mafi amfani da muka yanke a bana. Kayan nan daga waje ake yo odarsu, da kuɗin waje, sai an yi makonni ana jira. In zobbanmu iri ɗaya ne, wanda orin ɗinsa ya tsinke a Tema da asuba zai karɓa a hannun ɗan uwansa ya shiga ruwa.

Safar kanta mun fi sayen shuɗiyar nan ta robar PVC, Showa 660, saboda tana jure mai da kaifin ƙarfe. Baƙa ta lateks ta fi laushi wajen kama ƙananan kusoshi, amma mai da rana suna saurin cinye ta. A sa siririyar safa a ciki don ta sha gumi, kuma a gwada girman tare da ita kafin a saya.

A horon da muka yi wa matasa mun daɗe a kan abu biyu. Na farko, matsin ruwa. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na sama, iskar cikin safa ta takure, safar ta matse yatsu. Maganinsa a zura siririn tiyo ko ɗan igiya ƙarƙashin robar wuyan hannu, wato robar bakin hannun riga da ke kame wuyan hannu, iska ta riƙa ratsawa daga riga zuwa safa. Na biyu, kada kowa ya yanke robar wuyan hannun nan don jin daɗi. In safa ta huje, robar nan ce ke hana ruwa cika riga. Ina roƙon manyanmu su tsawata a kan wannan, domin har yanzu akwai masu yi.

Da muka binciki safunan da aka dawo da su wai suna yoyo, yawancinsu lafiya lau suke. Ƙwayar yashi ce ko silin gashi a kan orin. Saboda haka aka kafa doka: bayan kowane aiki a wanke da ruwan famfo, a cire orin a goge raminsa, a shafa man silikon kaɗan. Ban da basilin, yana lalata lateks. A shanya a inuwa, a barbaɗa wa robar wuyan hannu hoda marar ƙamshi, a ajiye nesa da janareta da jarkar fetur, a rufe da kyau lokacin ƙurar hunturu. Kafin shiga ruwa a hura safa a tsoma ta a bokiti. In kumfa ya fito, a canza. A yanke farce, a cire zoben azurfa.

Kada kuma wani ya ɗauka safa kaɗai ta isa shiga ruwa irin na Korle. Sai da cikakkiyar riga da abin rufe fuska baki ɗaya, da wankan sabulu bayan an fito. Wanda bai da su ya ƙi aikin, ko nawa aka saka masa. Rigar kuma tana da zafi a ranar Accra, a sha ruwa sosai, kada a sa ta sai an kusa shiga.

A baɗi, in Allah Ya kai mu, za a buɗe littafin rajistar kaya, a naɗa mutum ɗaya mai kula da akwatin orin da safunan canji, a kuma shirya gwajin fitsari na tsargiya ga duk wanda ya yi aiki a Volta ko Weija. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro mai zuwa, saboda da shi za a yi odar zobba masu milimita 90 da 100 na waɗanda ba su samu daidai hannunsu ba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya