A Ware Wa Gidajen Tarihi Da Ɗakunan Wasanni Kuɗin Gyara Na Kowace Shekara

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin gwamnoni da 'yan majalisun da ke zartar da kasafin kuɗi kan gidajen tarihi da ɗakunan wasanni da aka gina domin jama'a. Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina koyarwa shi ne, ba a rasa kuɗin aza harsashi ko na bikin yanke ƙyalle, amma da zarar manyan baƙi sun watse sai a rasa kuɗin wuta, da na mai shara, da na maginin da zai hau soro kafin damina.

Mu ɗauki Kano misali. Gidan Makama yana nan tun ƙarni na 15, yana da alaƙa da Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma yau yana hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa shi ne inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909. Ga kuma badala, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu. Dukkansu ginin ƙasa ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ba a yi masa gyara sau ɗaya a ce an gama. Kowace shekara sai an duba azara ko gara ta shiga, a gyara indararo, a sake yaɓe, a shafa makuba inda ruwa ke duka. Iyayenmu har laso suke haɗawa da katsin marina don kada rufi ya yi yoyo. Idan aka tsallake damina biyu ko uku, tsagar da kuɗi kaɗan zai toshe sai ta kai ga faɗuwar bango, a nan ne kuma za a ji an ba da kwangilar miliyoyi, a zo da siminti a lulluɓe aikin magina na asali.

A garinmu akwai wani ɗakin taro da hukuma ta gina, inda muke kai ɗalibai gasar wasan kwaikwayo da kacici-kacici, makaɗa da masu waƙoƙin wa'azi su ma suna samun rana. Da kuɗin tafiyarwa ya daina zuwa, sai masu kula da shi suka koma ba da haya ga masu biki. Ban ga laifinsu ba, domin da kuɗin ne suke sayen man janareta. Sai dai yanzu duk Asabar da Lahadi an riga an kama su, kuma ƙungiyar samarin unguwa ba za ta iya biyan abin da dangin ango ke biya ba. Yana da kyau a tuna cewa daga irin waɗannan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na shekarun 1980 ne sana'ar fina-finan Hausa ta tsiro, wadda yau take ciyar da gidaje masu yawa.

Na san za a ce asibiti da makaranta sun fi cancanta, kuma ba na musu. Amma gidan tarihi aji ne shi ma. Yaron da aka kai ya ga tsohuwar ƙofar gari da sulke da kwalkwali da idonsa ba ya manta darasin, ko da ya manta abin da aka rubuta masa a allo. Wasu kuma za su ce wuraren su riƙe kansu da kuɗin shiga. Idan aka ɗaga kuɗin har ya isa biyan albashi da gyara, ɗan talaka ne zai tsaya a bakin ƙofa.

Babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka kammala a 1976 gabanin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, na 1977, ya shekara da shekaru yana lalacewa, har sai da aka miƙa gyaransa ga Babban Bankin Najeriya da kwamitin bankuna a 2020. Wannan ya yiwu ne saboda gini ne da idon duniya ke kansa. Babu bankin da zai zo neman ɗakin taron ƙaramar hukuma. Haka nan mun yi murna da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, ta kuma sanya hawan Sallah na Kano a 2024, amma takardar yabo ba ta biyan mai gadi.

Roƙona shi ne kowace jiha ta ware wa irin waɗannan wurare kaso tsayayye a kasafin kuɗinta, daban da na bukukuwa, a kuma sake shi tun cikin rani, domin kuɗin yaɓen da ya iso a watan Agusta bai da amfani. A wajabta wa kowane wuri buga lissafin abin da ya karɓa da abin da ya kashe. A keɓe ranaku a kowane wata da makarantu da ƙungiyoyin unguwanni za su shiga kyauta. Sannan a riƙa shawara da Sarkin Magina da mutanensa kafin a taɓa kowane tsohon gini, a kuma biya su su koyar da yara, tunda masu iya ɗaurin guga, wato rufin soro mai lanƙwasa, ƙara ƙaranci suke yi.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Jihar Kano.