Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan lafiyar ɗaliban jami'a kafin sanƙarau ya sake kunno kai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara maka lafiya da nasara. Mu ne iyayen ɗalibai da masu gidajen da ɗalibai ke haya a cikin Zindar, tare da wasu daga cikin ɗaliban da kansu. Mun kawo kukanmu fada ne saboda yaran da ke karatu a jami'a baƙin Sarki ne. Wani daga Gure ya zo, wani daga Tanut, wata daga Magarya ko Matamaye, wasu ma daga Diffa da Agadas, kuma iyayensu sun sallamo su ne da amanar cewa garin yana da uba.

Ranka ya daɗe, ba mu manta da shekarar 2020 ba. A ranar 19 ga Maris aka sanar da mutum na farko da korona ta kama a Nijar, nan da nan aka rufe makarantu, ba a koma aji ba sai a watan Yuni. Da aka koma, an ajiye bokitai masu famfo a bakin ƙofofi, an ɗaure sabulu da zare, an ce kowa ya wanke hannu ya sa takunkumi. Dabara ce mai kyau, kuma mun gode wa waɗanda suka yi ta. Sai dai Sarki ya fi kowa sanin halin ruwa a garin nan. Da idonmu mun ga bokiti a tsaye da rana tsaka, ƙura ta rufe murfinsa, sabulun ya bushe ya tsage, yaro ya murɗa famfo ko ɗigo babu, ya goge hannu a wando ya shige aji. Ɗalibin da ke ƙirga dalarsa kafin ya sayi bido ɗaya wurin ɗan ga-ruwa, da shi zai sha, ya yi alwala, ya yi wanka, ina zai samu na wanke hannu sau biyar a yini?

Korona ta lafa, amma abin da ya hana mu barci yanzu shi ne sanƙarau. Daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Cuta ce ta rani, ta ƙura da cunkoso, tana bin numfashi da tari daga mutum zuwa mutum. To ina aka fi cunkoso? Ɗakin da aka gina don mutum biyu, sai ka tarar da katifu biyar a ƙasa, taga a toshe da kwali saboda sanyin hunturu. Mu masu gidajen haya ba mu wanke kanmu ba, da laifinmu a ciki, shi ya sa muka sa hannu a wannan takarda.

Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Rigakafin da aka yi wa yara da matasa tun daga 2010 na sanƙarau nau'in A ne, alhali wanda ya addabe mu a 2022 mafi yawansa nau'in C ne. Uwa na zaune a ƙauye hankalinta kwance, tana cewa ai an yi wa ɗana allura, ba ta san waccan allurar ba ta tare wannan ba.

Ɗaya daga cikinmu ta ba da labarin wani yaro da ke haya a gidanta. Da dare zazzaɓi ya rufe shi, yana amai, yana riƙe kai, ya kasa sunkuyar da wuya. Abokansa suka ba shi farasitamol suka ce zazzaɓin sauro ne. Sai kusan asuba suka ɗora shi a kan kabu-kabu, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da shi ta baya kada ya faɗi. Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma sanƙarau na iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, kuma a daren nan babu wanda ya san lambar da zai kira.

Saboda haka muke roƙon Sarki, cikin ladabi, ya kira zama a fada da shugabannin jami'a, da na kiwon lafiya, da magajin gari, tun kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi. Babban abin da muke nema shi ne ruwa: tankuna a masaukin ɗalibai da wuraren cin abinci da makewayi, da mutum sananne wanda alhakin cika su ke wuyansa, ba a ce na kowa ne ba. Bayan ruwa, a samu ma'aikacin lafiya mai kwana a bakin aiki, da mota ko da guda ɗaya, da ɗaki na musamman inda za a keɓe wanda ake zargin ya kamu. In aka samu allurar rigakafi, a sa ɗalibai a sahun gaba, a yi musu a cikin harabar makaranta.

Muna kuma roƙon kada a maimaita abin da ya faru a tashar mota lokacin da aka rufe makarantu, inda ɗalibai suka cunkushe a motoci kowa ya nufi garinsu ba tare da an duba kowa ba. In rufewa ta zama dole, a sallame su rukuni-rukuni, a duba lafiyarsu tukuna.

Kalma ɗaya daga bakin Sarki zuwa ga masu unguwanni da limaman Juma'a za ta sa alamomin cutar nan su shiga kowane gida a Birni da Zango da Sabon Gari. Mu kuma mun yi alkawarin rage yawan masu kwana a ɗaki ɗaya a gidajenmu, da buɗe tagogin da aka toshe, kuma a shirye muke wakilin fada ya zo ya duba.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya kare Damagaram da baƙinta.

Daga iyayen ɗalibai, masu gidajen haya da wakilan ɗalibai,
Zindar.