Maganar daɓen katakon gidanka

Birmingham, Ingila

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Hajiya da yara. Allah Ya sanya alheri a sabon gidanku na Kalgari, can Kanada, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari.

Na duba hotunan da ka turo. Katakon da ka tarar a ƙarƙashin tsohon kafet ɗin na icen oak ne, mai ƙarfin gaske, kuma hoton da ka ɗauka ta ramin hita ya nuna gundarin katako ne mai kaurin milimita 19, ba irin wanda aka liƙa wa siririn falle a sama ba. Ka taki sa'a, domin wannan zai jure kankara da inji sau da dama.

To ga amsar tambayarka kan abin da ya fi dacewa a shafa wa daɓen. Abin da ake shafa wa daɓen katako iri biyu ne. Akwai foliyuretan, wanda yake bushewa ya zama fata a saman katakon. Akwai kuma mai haɗe da kaki, irin na Osmo na Jamus ko Rubio Monocoat na Beljiyam, wanda katakon yake sha ya shige cikinsa. Mai aikin da ka kira zai ce maka foliyuretan ya fi ƙarfi, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ni a falo da ɗakunan kwana mai da kaki nake ba ka shawara, saboda na san gidanka: yara huɗu, baƙi ba sa yankewa, ana jan kujera ana jan tebur. Ko me ka shafa sai ya karce. Ranar da foliyuretan ya yi mummunan karce, ba ya faci. Sai an fitar da kaya kaf, an bi ɗakin bango zuwa bango. Shi kuwa mai, sai ka goge wurin da sanfefa mai laushi, ka ɗiga masa kaɗan ka murza da tsumma, washegari a taka. Aibinsa shi ne yana son a riƙa sabunta masa, musamman inda ƙafa ta fi bi, kusan duk shekara ɗaya ko biyu.

Kicin da bakin ƙofar shiga kam, sa musu foliyuretan, amma na ruwa, kamar na kamfanin Bona. Yana shan iska cikin awa 2 zuwa 4, ba ya canja launin katako. Foliyuretan na mai kuwa daga baya yana rikiɗa zuwa ruwan ɗorawa, ga wari mai hawa kai, kai kuma a sanyin Kalgari ba ka isa ka bar taga a buɗe ba. Kada ka zaɓi mai sheƙi. Ranar farko yana ɗaukar ido, daga nan ko sawun ƙafar yaro sai ya nuna.

Kankara da inji ka bar wa mai sana'ar. Ana fara da sanfefa mai kaushi, lamba 40, a bi da 60, 80, har 120, kuma injin nan in ya tsaya wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido sai ya yi rami. Ka dai ce ya gwada launin a lungun wadirob kafin ya bi gidan duka.

Wannan kuma ka riƙe shi da kyau: tsumman da aka shafa mai da shi kada a dunƙule shi a jefa cikin kwandon shara. Man yana ɗaukar zafi yayin bushewa, kuma dunƙulallen tsumma yana iya kama wuta da kansa cikin dare, ba ashana ba komai. A shanya kowane ɗaya a waje, ko a tsoma su cikin bokitin ruwa.

Saura kulawa, kuma a nan sai ka lallaɓa Hajiya. Mu da tayil da siminti muka saba, a kwara ruwa da omo a bi da mofa. Katako ba ya ɗaukar wannan. Shara ko injin zuƙe ƙura, sannan mofa da aka matse har ta kusa bushewa, da sabulun da masu man suka yi domin shi. Ban da ruwan khal, ban da mofa mai tururi. Oak yana da wani sinadari da in ya haɗu da ƙarfe da danshi sai ya yi baƙin tabo, don haka kada a ajiye jiƙaƙƙen gwangwani ko tire a ƙasa a kwana. Kaskon turaren wuta ma a nema masa faranti mai kauri, garwashi ɗaya ya isa. Ku da ake watsa wa gishiri da tsakuwa a titi lokacin dusar ƙanƙara, shimfiɗa ƙaton abin goge ƙafa a bakin ƙofa. Al'adarmu ta cire takalmi ta riga ta rage maka rabin aiki.

Idan sanyi ya kankama za ka ga tsaga ta buɗe tsakanin katakan. Kada ka cike ta da komai. Kamar ƙofar katako ce a gida, da take sakwarkwacewa da hunturu ta kumbura da damina. Iskar lardinku na Albata busasshiya ce, hita kuma tana ƙara busar da ita. Nemi na'urar saka danshi, ka riƙe laimar gidan tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari, in zafi ya shigo tsagar za ta koma da kanta. Darduma da kafet kuma a dakata da shimfiɗa su sai abin da aka shafa ya gama kamawa. A bi kwanakin da aka rubuta a jikin gwangwanin.

Baƙin tabon nan na kusa da taga, turo mini hotonsa da rana kafin a fara aiki, in ga ko na ruwa ne da zai fita da magani, ko sai an canja katakon.

A gaida Hajiya da kyau, a shafa mini kan yara.

Naka,
Auwalu